Faɗakarwa Game da Rabon Ƙasa da Wahalar Ma'aikaci a Birnin Kano

Ku sani, ya ku malamai da attajirai, wanda ya raba ƙasar gari shi ne ya yanka wa ma'aikaci tsawon tafiyarsa ta kowace safiya. Birnin Kano ya isa misali.

A zamanin da, mazaunin mutum da wurin sana'arsa ba su rabuwa. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi a tsakiyar birni, unguwannin masu sana'a suna kewaye da ita. Baduku yana aiki a zaurensa, marini yana zaune kusa da karofi, ɗan kasuwa kuwa ƙafarsa ta ishe shi abin hawa.

Sa'ad da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, sai aka sake tsari a bayan ganuwa. Turawa suka zauna Nasarawa, aka keɓe wa baƙi 'yan kudu Sabon Gari, kantuna suka jeru kusa da tashar jirgi. Dokar garuruwa ta 1917 ta hukunta a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Tun daga nan aiki ya koma wuri guda, makwanci wani wuri.

Bayan haka aka ware Bompai domin masana'antu, leburori suka cika Gwagwarwa da Tudun Wada saboda kusanci. Daga baya aka buɗe Sharaɗa da Challawa, kasuwar hatsi kuma ta kafu a Dawanau, kan hanyar Katsina. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna. Da jama'a ta yawaita, fili mai takarda ya fi ƙarfin talaka, sai ya nufi gefen gari, irin su Rijiyar Lemo da Rimin Kebe, inda ake yanka gonaki ana sayarwa, gini yana riga hanya da famfo zuwa.

To, arhar haya a nesa ba ta hana biya, domin abin da ya ragu wajen mai gida, hanya ce take cinye shi. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, jama'a suka dogara ga A Daidaita Sahu. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya hau ƙwarai. Yaron shago da yake zuwa Kantin Kwari daga nesa yakan bar gida tun da duku-duku, ba ya komowa sai dare, 'ya'yansa sun yi barci.

Saboda haka ya kamata hukuma, in za ta yanka filin kasuwa ko masana'anta, ta yanka na gidajen ma'aikata a kusa, da hanyar mota. Attajiri kuma, kafin ya yanka wa yaronsa lada, ya fara tambayarsa inda yake kwana.