Abin da Kunnen Fada Ya Ji: Al'adar Furta Zunubi a Cocin Katolika

A kusan kowace tsohuwar majami'ar Katolika, a Rum take ko Dublin ko Manila, akwai wani ɗan ɗaki na katako da ake jinginawa da bango, kamar ƙaton kabad na tufafi. Kashi uku aka saba raba shi. Na tsakiya akwai kujera, nan Fada ke zama, ya rataya wani siririn ƙyalle mai launin shunayya a wuyansa. Na gefe da gefe kuwa babu kujera, sai ɗan dakalin durƙuso. Tsakanin Fada da mai durƙuso akwai taga mai raga, murya na wucewa, fuska ba ta fita sosai. A wannan ɗan ƙuƙumin wuri ne ɗan Katolika ke buɗe baki ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa uwar da ta haife shi ba.

Yawanci da yammacin Asabar ake yi, ko kafin a shiga sujada ranar Lahadi. Layi yakan yi tsawo idan Kirsimeti ta matso, ya fi tsawo a azumin kwana arba'in da ke gaban Ista. Masu jira sukan ja baya kaɗan daga ɗakin, kowa ya sunkuyar da kai, ba a hira. Wannan zaman shirun ma yana cikin ibadar, domin kafin mutum ya shiga ana so ya bincike kansa: ya bi Dokoki Goma ɗaya bayan ɗaya, ya tuna abin da ya yi, da abin da ya faɗa, da abin da ya kamata ya yi ya ƙi yi.

Idan layi ya zo kansa sai ya shiga ya durƙusa, ya yi alamar gicciye, ya roƙi Fada ya sa masa albarka, ya ce shi mai zunubi ne, ya faɗi tsawon lokacin da ya ɗauka rabonsa da zuwa. Daga nan sai lissafi. Cocin ya raba zunubi gida biyu, akwai babba mai raba bawa da Ubangijinsa, akwai ƙarami. Sai abu uku sun haɗu zunubi ke zama babba: laifin ya kasance mai nauyi a kansa, mutum ya san mai nauyin ne, kuma ya aikata da ganganci. Irin wannan dole a faɗe shi da sunansa, a faɗi sau nawa gwargwadon abin da aka tuna. Ba a yarda mutum ya yi kwana-kwana ya ce "na ɗan kauce hanya" alhali zina ya yi ko ya ci dukiyar maraya. Wanda ya manta wani abu da gaske ba shi da laifi. Wanda ya ɓoye da gangan kuwa zuwansa duka ya tashi a banza, ya kuma ƙara wani zunubin a kan na da. Ƙananan laifuka ba dole ba ne, amma ana kwaɗaitar da faɗarsu.

Fada ya saurara, ya yi tambaya idan akwai duhu a magana, ya yi nasiha. Sai ya yanka wa mai tuba abin da zai yi na kaffara, wanda a zamanin nan bai cika wuce 'yan addu'o'i ko sadaka ko wani aikin jinƙai ba. Amma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da addu'a. Wanda ya saci akuya zai mayar da ita ko kuɗinta, wanda ya ɓata sunan wani zai nemi hanyar gyarawa. Mai tuba ya karanta addu'ar nadama, ya ɗauki niyyar ba zai koma ba, sannan Fada ya ɗaga hannun dama ya furta kalmomin gafara da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Sau da yawa duk abin bai fi minti biyar ba. Fada na da ikon ƙin furta gafarar idan ya ga babu nadama ko niyyar bari, ko da yake ba kasafai ake kaiwa nan ba.

Mai karatu Musulmi zai yi tambaya a nan, domin a wurinsa tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa take, kuma wanda Allah ya rufa wa asiri ba a so ya tona kansa. Kiristocin ECWA da COCIN da Baptist ma ba sa yin wannan al'ada. Amsar 'yan Katolika ita ce su ma sun yarda Allah kaɗai ke gafarta zunubi, Fada wakili ne kawai. Hujjarsu tana cikin Linjilar Yohanna sura ta 20, inda Yesu ya ba manzanninsa ikon yafe zunubai ko riƙe su, kuma suna ganin ikon ya gangaro daga manzannin zuwa bishop-bishop da limamai. Shi kansa Fada yana da wanda yake durƙusa wa, haka bishop, haka Fafaroma. A watan Maris na 2014 Fafaroma Francis ya ba mutane mamaki a majami'ar Saint Peter: ana raka shi inda zai zauna ya saurari jama'a, sai ya ratse ya je ya durƙusa gaban wani limami, ya fara faɗin nasa a idon kowa.

Da farko ba haka abin yake ba. A ƙarnonin farko na Kiristanci tuba a bainar jama'a ake yin ta. Wanda ya kashe rai, ko ya yi zina, ko ya bar addini saboda tsoron azaba, bishop zai sa shi cikin sahun masu tuba. Ya sa tsumma, ya shafa toka, ya tsaya a baya, ba ya karɓar gurasar tarayya, wani lokaci har shekaru. Sai a ranar Alhamis da ke gaban Ista a mayar da shi cikin jama'a. Sarauta ba ta hana ba. A shekara ta 390 sojojin Sarki Theodosius suka karkashe dubban mutane a birnin Tasalonika, Bishop Ambrose na Milan ya hana shi tarayya har sai da ya tuba a fili. Abin da ya fi tsanani shi ne sau ɗaya tak ake ba mutum wannan dama a rayuwarsa bayan baftisma. Sakamakon bai yi wuyar hasashe ba: mutane suka riƙa ajiye tubarsu sai sun ji mutuwa ta kusa.

Gyaran daga can gefen duniyar Kiristanci ya fito, daga tsibirin Ailan. Masu zuhudu na can, a ƙarni na 6 da na 7, sun saba ƙarami ya riƙa zuwa wurin dattijo a keɓe yana faɗa masa abin da ke damun zuciyarsa, ba sau ɗaya ba, duk lokacin da ya buƙata. Suka buɗe wa mutanen gari wannan ƙofa, suka rubuta littattafai masu jera kowane laifi da kaffararsa, wannan kwana kaza a kan gurasa da ruwa, wancan shekara kaza. Ɗaya daga cikinsu, Columbanus, da almajiransa suka tsallaka da al'adar zuwa Faransa da Italiya. Manya ba su yi maraba da ita nan take ba, taron bishop-bishop na Toledo a 589 ya yi tir da masu komawa neman gafara a kai a kai. Amma talakawa sun ga sauƙi, kuma abin da jama'a suka runguma da wuya a ƙwace shi. Masu hali ma sun ga nasu sauƙin. Akwai wani tsohon rubutu na Ingila, na wajen shekara dubu da ta wuce, da ya nuna yadda babban mutum zai sauke azumin shekara bakwai cikin kwana uku, ta hanyar tara mutum 840 su taya shi.

A 1215, a babban taron Lateran na huɗu ƙarƙashin Fafaroma Innocent na Uku, aka mayar da abin doka: duk wanda ya kai shekarun hankali, mace ko namiji, ya furta zunubansa ga limaminsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Dokar tana nan har gobe a kan manyan zunubai. Bayan rigimar da Martin Luther ya tayar a 1517 kan sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi, taron Trent ya sake jaddada al'adar a 1551. Shi ɗakin katakon ma daga wannan zamani ya yaɗu. Charles Borromeo, babban bishop na Milan, shi ya matsa a kafa shi a majami'u, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: a sa shinge tsakanin limami da matan da ke zuwa, a toshe ƙofar fitina da ta zargi. A 1910 Fafaroma Pius na Goma ya sauko da shekarun fara karɓar tarayya zuwa wajen bakwai, shi ya sa yau yaro ɗan firamare ke shiga layi da 'yan laifukansa na ƙin aike da satar nama a tukunya. Daga 1973 aka ba da zaɓi, wanda ya ga dama ya zauna fuska da fuska da Fada. Abin da ba a taɓa yarda da shi ba shi ne yin ta waya ko intanet, sai an zo da ƙafa.

A Turai da Amurka layukan sun ragu ƙwarai tun daga shekarun 1960. Zamanin John Vianney, limamin ƙauyen Ars na Faransa da ya rasu a 1859, wanda yakan kwashe sa'a goma sha shida a rana yana sauraron masu tuba, ya zama labari. A Afirka kuwa al'adar na da rai. A majami'un Kaduna da Jos da Kafanchan da Yola da Maraɗi mutane da yawa da Hausa suke furta zunubansu, kuma a ƙauyen da babu ɗakin katako kujera da benci a gindin bishiya sun wadatar, muddin an yi nesa da kunnen jama'a. Da yawa daga limaman da suka yi aiki a Arewacin Nijeriya a ƙarnin da ya wuce 'yan Ailan ne, jikokin waɗanda suka faro abin.

Ginshiƙin da ya riƙe al'adar duka shi ne bakin Fada. Hausawa na cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, to Cocin Katolika ya ɗauki wannan ya mayar da shi doka mafi tsauri da yake da ita. Abin da Fada ya ji a wurin ba ya faɗa wa bishop, ba ya faɗa wa alƙali, ba ya faɗa wa Fafaroma, ko da mai maganar ya mutu, ko da za a kashe shi. Ba ya nunawa da ido ko da sauya fuska. Idan ma'ajin coci ya durƙusa ya ce shi ke ɗibar kuɗin baiko, Fada ba zai tashi gobe ya sauke shi saboda abin da ya ji ba. Tafinta da duk wanda kunnensa ya tsinci maganar bisa kuskure su ma wajibi ne su yi shiru. Mai tuba kaɗai ke da 'yancin faɗin nasa. Taron 1215 ya yanke cewa limamin da ya tona a tuɓe shi a tsare a gidan zuhudu har ƙarshen ransa. Dokar yanzu ta ce a take ya fita daga tarayyar coci, kuma fadar Fafaroma ce kaɗai ke iya dawo da shi. A birnin Prag har yau ana nuna wurin da aka jefa wani limami, John Nepomuk, cikin kogin Vltava a 1393. 'Yan Katolika na cewa don ya ƙi gaya wa Sarki Wenceslaus abin da sarauniya ta furta ne, masana tarihi na cewa rigimar iko ce tsakanin sarki da babban bishop. Ko wanne ne, labarin da aka zaɓa a riƙe ya nuna abin da ake tsammani daga limami.

Wannan shirun ne kuma ya jawo wa cocin shari'a da gwamnatoci. Bayan tonon asirin lalata da yara da wasu limamai suka yi, hukumar bincike ta Ostireliya ta ba da shawara a 2017 cewa duk limamin da ya ji irin wannan laifi, ko a ɗakin furta zunubi ne, ya kai rahoto. Jihohi irin su Victoria da Queensland suka mayar da shawarar doka. A Faransa a 2021 shugaban bishop-bishop na ƙasar, Éric de Moulins-Beaufort, ya ce sirrin ya fi ƙarfin dokokin jamhuriya, ministan cikin gida ya kira shi ya zo ya yi bayani. Hujjar cocin ita ce ranar da aka san Fada na kai rahoto, ranar mai laifi zai daina zuwa, a rasa ko damar ce masa ya je ya miƙa kansa. Hujjar iyayen yaran ita ce ran yaro ya fi kowace doka.

A ganina hujjar cocin tana da ƙarfi, amma cocin da kansa ya rage mata nauyi. Mafi yawan abin da aka binne a waɗancan shekaru ba a ɗakin katako aka ji shi ba. A ofis aka ji, daga bakin iyaye da wasiƙun ƙorafi, inda babu dokar da ta ɗaure bakin kowa, aka yi shiru duk da haka, aka sauya wa mai laifi gari. Wanda ya yi shiru inda ya kamata ya yi magana, da wuya a saurare shi ranar da ya ce shirunsa ibada ce. Fadar Vatican dai ta fitar da sanarwa a 2019 cewa babu gwamnatin da ke da ikon taɓa wannan sirri. A shekarar ce jihar Victoria ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ga wanda ya ƙi kai rahoto, babban bishop na Melbourne, Peter Comensoli, ya ce shi kam gara ya tafi kurkuku.