Takardar sallama a Silver Spring

A wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ke Silver Spring, arewa da birnin Washington, ɗakin jira ba ya rabo da harsuna: Habashawa na Amharik, mutanen Salbado na Sifaniyanci, 'yan Kamaru na Faransanci. Ganin likita ba ya ɗaukar lokaci. Inda ake daɗewa shi ne gaban nas, wadda za ta sallami mara lafiya da takarda a hannu.

Takardar gajera ce, baƙaƙenta manya. Ba a rubuta "ƙwaya biyu sau biyu a rana" ba, don akwai mai haɗiye biyu kacal ya ce ya gama. An rubuta: biyu da safe, biyu da dare. Maganin yara kuwa ba a ambaton cokali, tunda cokalin kowane gida da girmansa. Nas za ta ɗauko sirinji marar allura, ta nuna wa uwa layin mililita 5, ta miƙa mata ta ja da kanta. Sannan ta ce, "Idan kin koma gida, yaya za ki ba shi? Faɗa mini, in ga ko na yi bayani daidai." Lura da dabarar: laifin rashin fahimta ta ɗora wa kanta, don kada kunya ta sa uwar ta gyaɗa kai kawai.

Ba baƙi kaɗai ake wa wannan ba. Binciken gwamnatin Amurka na 2003 ya gano kashi 12 cikin 100 na manya ne ke fahimtar bayanin lafiya sosai. Irin wannan matsalar ce ta sa hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, mai hedikwata a nan Silver Spring, ta tilasta tsarin rubutu ɗaya a jikin magungunan kanti tun 1999, kuma a 2010 Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubutu mai sauƙi. A ganina mai kemis na Kano da ke zana layuka uku a jikin leda ya riga su gano bakin zaren. Tambayar ƙarshen nan ta nas ce kawai ba ya yi.

Takarda da Hausa dai da wuya ka same ta a nan. Amma asibitin da ke karɓar kuɗin tarayya wajibi ne ya samar da tafinta kyauta, ko ta waya. Idan ka kawo tsohuwarka, nemi a kira shi, kada ka bar wa jikanta ɗan makaranta wannan nauyi.