Ma'abota Kiwon Kyankyaso

Daga cikin jinsunan kyankyaso sama da 4,000 waɗanda masana halittu suka ƙididdige a bayan ƙasa, waɗanda suka saba da gidajen mutane, masu yini a masai su kwana cikin kwanukan abinci, ba su wuce kamar 30 ba. Saura kuwa galibinsu mazauna kurmi ne, suna rayuwarsu ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye da kututture, ba ruwansu da ɗan Adam. To, daga cikin waɗannan na daji ne mutanen Turai da Amurka suka zaɓi waɗansu suna kiwo, wani don sha'awa, wani don ciyar da dabbobinsa, kuma wanda ya kwatanta su da na bayan gidansa, haƙiƙa bai yi musu adalci ba.

Wanda ya fi shahara wajen masu sha'awa shi ne na tsibirin Madagaska, wanda tsawonsa kan kai santimita 7, ba shi da fiffike, ba ya cizo, ga shi da nauyin jiki, har yaro kan ɗora shi a tafin hannu ya zauna lamo. Abin al'ajabi gare shi shi ne huci, domin idan an taɓa shi, ko namiji ya gamu da abokin hamayya, ko yana neman mace, sai ya matso iska ta waɗansu ƙananan ƙofofin numfashi da ke gefen cikinsa, a ji sauti kamar na maciji. Maza suna da tudu biyu a bayan kai, da su suke tunkuyi a kan kututture guda har ɗaya ya ja da baya. Macen kuwa ba ta yar da jakar ƙwanta a lungu kamar ta gida, a cikinta take riƙe ta wajen wata biyu, sa'an nan 'ya'ya su fito farare fat, su yi duhu bayan 'yan sa'o'i. Yakan rayu shekara 2 zuwa 5, watau wanda ya saye shi ya ɗauki amana mai ɗan tsawo.

Amma inda ciniki yake, wajen wani ne da ake kira dubiya, ɗan asalin Amurka ta Kudu, wanda ake kiwo domin ƙadangaru da hawainiya da tsaka da manyan gizo-gizo da mutanen can suke ajiyewa a gida. Wanda ya taɓa ganin mai kiwon zabi yana ɗebo wa 'yan tsakinsa gara da sassafe, ba zai yi mamakin wannan ba. Da can gyare aka fi amfani da shi, sai dai gyare yana da kuka da tsalle da wari, ga saurin mutuwa, alhali dubiya shiru yake, ba ya iya hawan santsi, kuma ya fi tsoka.

Tsarin kiwonsa ba wuya, illa dai yana bukatar kiyayewa. Akan sami babbar roba mai zurfi, a huda murfinta a sa raga, a jera kiret ɗin ƙwai na kwali a tsaitsaye domin kashinsu ya riƙa zuba ƙasa, a ajiye dusa ko garin hatsi gefe guda, yankan lemo da karas gefe guda, kuma lalle ne a kwashe abin da ya rage kafin ya yi fumfuna, gama fumfuna na iya halaka garke duka. Ruwa ba a zuba shi a buɗe, don ƙanana kan nutse. Zafi shi ne ginshiƙin al'amarin: idan ya kai wajen digiri 30, mace kan haifi 'ya'ya 20 zuwa 40 kusan kowane wata, idan kuwa sanyi ya shiga, sai haihuwa ta tsaya cik. Masu basira kan ƙosar da ƙwarin da abinci mai kyau kwana ɗaya kafin su miƙa su ga ƙadangare, saboda abin da ke cikin cikinsu shi ne rabin amfaninsu.

A ƙasar Sin kuwa abin ya wuce roba, har ma irin na gida suke kiwo. A birnin Shichang na lardin Sichuwan akwai gidan da ke fitar da kimanin biliyan 6 a shekara domin haɗa maganin gyambon ciki, a Jinan kuma akwai inda kyankyasai suke cinye tan 50 na ragowar abinci kullum.

Sai dai sana'ar tana da nata aibu. Wanda ya daɗe yana share robar ba safar hannu ba takunkumi, sau da yawa ƙurar kashin kan jawo masa ƙaiƙayi da atishawa, wani ma har ciwon asma. Babbar fargaba kuma ita ce kuɓuta, shi ya sa mai kiwon na Madagaska, wanda ke hawa gilashi sumul, yake shafe bakin akwati da man basilin, shi ya sa kuma Kanada da jihar Fulorida suka hana shigo da dubiya, don gudun kada ya yaɗu. A shekarar 2013, a Dafeng ta lardin Jiyangsu, wani ya rushe rumfar ledar wani mai kiwo, kyankyasai wajen miliyan 1 suka watsu cikin gonakin masara, sai da hukuma ta aiko da ma'aikatan lafiya suka yi feshi.