KUMBURIN SAIFA: ME KE KAWO SHI?

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta masu goyon ƙanne. Na san da yawanku kun taɓa ganin yaro da tsaga a gefen cikinsa na hagu, in kin tambaya a ce ai saifa ce ta kama shi aka kai shi gun wanzami. To ita saifar nan kowa na da ita. 'Yar tsoka ce a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, girmanta kamar dunƙulen hannunki, nauyinta wajen giram 150 a jikin babba. Aikinta tace jini da yaƙar ƙwayoyin cuta. In aikin ya yi mata yawa sai ta kumbura. Kin ga ke nan kumburin alama ce, ainihin ciwon yana cikin jini ko hanta.

Babban mai laifi a nan wajenmu shi ne zazzaɓin cizon sauro. Mu da ke Dandamisa, Maƙarfi da Kudan, ga fadamun rake ga ruwan damina kwance ko'ina, ai sauro gida ya samu. Duk sanda zazzaɓi ya kama yaro, saifa ce ke kwashe ƙwayoyin jinin da suka lalace. Yau zazzaɓi gobe zazzaɓi, sai ta yi ta girma. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi bincike kan masu irin wannan saifa, wadda kan sauko har ta wuce cibiya, aka kuma ga tana sacewa in mutum ya jure shan maganin zazzaɓi na watanni bisa umarnin likita.

Na biyu sikila. Nan fa 'yan mata ku buɗe kunne. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya AS ne. In ke AS ce, masoyinki ma AS, to kowane ciki kika ɗauka akwai yiwuwar 1 cikin 4 ki haifi mai SS. Irin wannan yaro jini kan taru masa a saifa farat ɗaya, ciki ya kumbura, ido da tafin hannu su yi fari fat, jiki ya saki. Wallahi wannan ba ya jiran gari ya waye, asibiti za a nufa a lokacin. Shi ya sa a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure. Ke dai ki san jininki tun soyayya ba ta yi nisa ba, kar sai an kawo lefe.

Sai tsargiya, irin wadda ke kama hanji da hanta, da ake ɗauka wajen wanka da wanki a rafi ko dam. Ciwon hanta, taifot da sankarar jini su ma suna kumbura saifa.

To yanzu don Allah a cikin waɗannan wanne aska za ta cire? Yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa kuma a ƙara zubar masa da shi? Ga askar da ba a dafa ba tana iya sa masa ciwon hanta. Kada kuma a matsa cikin ko a bar shi yana kokawa, don kumburarriyar saifa tana iya fashewa.

In kin ji tauri a hagun cikin ƙaninki, yana saurin ƙoshi, yana yawan zazzaɓi, ki lallaɓa Umma cikin ladabi a kai shi babban asibitin Maƙarfi ko na Ikara a auna jini, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Shika. A riƙa kwana cikin gidan sauro, a kuma karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina.

Lafiya uwar jiki. Allah Ya raya mana zuri'a, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.