Tsohon Bais a Garejojin Sabonjida

Duk wanda ya koyi aikin ƙarfe a Sabonjida ta Tamale, fita ne ko mai walda ko mai gyaran injin niƙa, ya san ba a lissafa mutum cikin masu gareji sai ya kafa bais, ƙarfen nan da ake matse aiki a bakinsa. Sifana da guduma kowa na da su, har yaron da aka kawo jiya. Bais kuwa sai an samu teburi, an huda shi, an ɗaure da noti, wato mutum ya zauna ke nan, ya bar yawo da akwati. Shi ya sa idan masta ya je gaida ɗan'uwansa masta, ana cikin tambayar gajiya da iyali za ka ga hannunsa ya kai kan mariƙin bais, ya murɗa ya kwance. Ba zai ce uffan ba, amma ya riga ya gane irin wurin da ya shigo.

Tsofaffin baisan nan sun sha hanya kafin su iso mu. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Tamale ba, a Kumasi ya tsaya, don haka duk wani ƙarfe mai nauyi a bayan babbar mota ya ƙaraso arewa. Tun da Turawan mulki suka mai da Tamale hedikwatarsu ta arewa a 1907, ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ke shigo da kayan aiki daga Ingila, ga kuma kantunan kamfanoni irin su UAC. Sai zamanin noman shinkafa, bayan da shugaban ƙasa Acheampong ya ƙaddamar da shirin ciyar da kai a 1972, tarakta ta cika gari, masu gyaranta suka yawaita. Abin da aka yi gwanjonsa daga baya, da wanda yaranmu suka taho da shi bayan sun koyi aiki a Magazin ta Suame a Kumasi, shi ne muke gadon juna har yau.

Sarkinsu dai Record ne, na garin Shefil, mai shuɗin fenti da suna a tashe a jikin ƙarfe. Yaro tun bai iya karanta sunan ba yake haddace lambobin: mai lamba 3 bakinsa inci 4, mai lamba 6 inci 6, su 23 da 25 kuma suna da ɗan harshe a ƙarƙashin mariƙi, in ka danna sai bakin ya zame ba sai ka yi ta juyi ba. Akwai Woden da Paramo, su ma 'yan Ingila ne, akwai Heuer na Jamus wanda ƙirarsa aka yi ba zubi ba. Amma dattawa ba su cika dogara da rubutu ba, musamman tun da sunan Record ya koma hannun kamfanin Irwin, aka kuma daina ƙera shi a Shefil. Sukan ɗaga su ji nauyi. Sukan buɗe bakin har ƙarshe su girgiza, su ga ko yana lilo. Sukan saka takarda a gefe ɗaya na baki su matse su ja, sannan su koma ɗaya gefen. A ƙarshe a ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: mai lafiya yakan amsa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sautinsa a dushe yake mutuwa, ko da an toshe tsagar an bi da fenti.

Bais mai juyawa shi ne abin gardama. Fita na son sa, don yakan kwance kunnuwa biyun nan na gindi ya juya aiki zuwa inda haske yake. Maƙeran asali kuwa, jikokin masu zugazugi da uwar maƙera, sun raina shi, suna cewa abin da ke juyawa ba ya jure duka. Suna da gaskiyarsu. Faifan gindin nan shi ne ya fi saurin fashewa, kuma kusan kullum laifin yaro ne da ya mai da bais maƙera, ko ya zura bututu a mariƙi don ƙarin ƙarfi. Saboda haka mai saye ba ya sallamawa sai ya kifar da bais ya duba faifan. Wanda faifansa na asali ne, da kunnuwansa biyu, kuɗinsa daban ne.

Ciniki kuwa ba a gaggawarsa. Mai bais ba ya cewa na sayarwa ne, sai dai a ji a bakin wani cewa Alhaji wane ya tsufa, 'ya'yansa kuma duk sun bi boko. Sai a tura dattijo da goro. "Baba, yaronka ne ke son ya ci albarkacin kayan aikinka." In ya ce albarka, a tashi a dawo wata rana, in ya sallama, ba a rasa addu'a a kai, mai shiga tsakani kuma ya samu la'adarsa. Haka ma ranar rabon gado: tun da bais ba ya rabuwa, sai a kira manyan sana'a su yi masa kuɗi, ɗan da ya gaji aikin ya riƙe, ya biya sauran magada haƙƙinsu. Na sha ganin masu kimar suna sassautawa don kada kayan ya fita daga gidan, malamai kuma suna ja musu kunne cewa dukiyar marayu ce.

Ni dai a wurina babu abin da ya kai ranar tada mataccen bais daɗi. Aikin yara ne, amma masta ba ya matsawa ko nan da can. A jiƙa shi da kananzir ko gas a rabin durom, a manta da shi kwanaki, har tsatsar da damina ta dasa ta saki. Sannan a kwance shi gaba ɗaya a jera a kan buhu, kowane ƙarfe a inda aka cire shi, a bi da buroshin waya. Nan ne yaro ke fara ganin doguwar kusar nan mai zare da notin da take bi a ciki, ya gane dalilin da ake zaginsa idan ya bar garin ƙarfe ya taru a kanta. In haƙoran baki sun cinye, a yanko tsohon sifirin na mota a gyara a huda. Sai matsalar sukurori: na tsofaffin 'yan Ingila zaren Whitworth ne, na kasuwa na yanzu ba ya shiga, kuma wanda ya tilasta shi ya kashe ramin. Shi ya sa za ka tarar da gwangwanin tsofaffin kusoshi a kulle a akwatin masta, ba mai taɓawa.

Walda ce ke nuna gwani. Da farko a taɓa ƙarfen da injin wasa wuƙa a ga tartsatsinsa. In gajere ne ja, to kas ne, wato ƙarfen zubi, sai a yi hattara. Kas ba ya son a ba shi wuta farat ɗaya. A gasa shi a garwashin gawayi, a ɗinke da sandar nikel kaɗan-kaɗan ana bubbugawa, sannan a binne shi cikin toka ya kwana yana hucewa a hankali, kamar mai jego da ba a bari iska ta buge ta. Wanda ya yi garaje ya zuba ruwa, tun yana tsaye zai ji tas. Duk da haka bais mai walda ya rage daraja har abada, kuma al'ada ce mai sayarwa ya nuna wurin da yatsansa. Wanda ya ɓoye, labarinsa zai riga shi isa kasuwar Aboabo.

Batun fenti har yau ba a daidaita ba. Matasa na so a mayar masa da shuɗinsa ya yi ƙyalli, dattawa na cewa baƙin mai ya ishe shi, fenti mayafin aibi ne. Ni ina bayan dattawa, ko da yake ranar yaye yaro, da ake taruwa da iyaye da goro da lemo, in masta ya yi niyyar ba shi bais to babu mai hana a fente shi. Kyautar nan ba kowa ke samu ba. Wanda aka bai wa, an shaida ke nan cewa hannunsa ya faɗa.

Yanzu abin ya ja baya. Sabbin baisa masu arha sun cika shaguna, yaro ya saya, ya karya, ya sake saye. Abin da ya fi ciwo kuma sikelin 'yan kwandam ne, masu sayen tarkacen ƙarfe. Tun da gwamnati ta hana fitar da tarkacen ƙarfe waje a 2013, masana'antun narka ƙarfe na Tema ne babbar kasuwarsa, kuma sikeli ba ruwansa da Record ko Woden, kilo kawai ya sani. Magajin da bai san abin da ke hannunsa ba sai ya miƙa a kuɗin da bai kai na mariƙin kaɗai ba, a narke shi a yi rodi. Don Allah, wanda ya tsinci irin wannan ƙarfe a ɗakin mahaifinsa, ya fara kai shi gaban wani tsohon masta a Sabonjida ya duba kafin ya kira mai sikeli.