Allura kafin yanka: darasin da masu kiwon turke ke buƙata

A unguwannin Maraɗi da Damagaram, kiwon turke ya zama jarin matasa da dama. Wasu da kuɗin da 'yan uwa ke aikowa daga waje suke sayen bijimi, su ɗaure shi wata uku ko huɗu yana cin dusa da harawa, sannan su kai shi kasuwa. Sai dai galibi da ka ake koyon sana'ar, kuma idan sa ya yi ciwo, maganin kasuwa ake saya a ɗirka masa.

A nan gizo ke saƙa. Kowane maganin dabbobi yana da wa'adin da ake jira kafin a yanka dabbar, kuma a rubuce yake a jikin kwalba. Allurar oksitetrasiklin mai dogon aiki, wadda makiyaya suka sani sosai, na buƙatar makonni kafin ta fita daga jiki. Idan aka yi gaggawar yanka, ragowar maganin na bin naman har cikin tukunya, abin da ke taimaka wa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Jami'in da ke duba nama a mayanka zai iya gano tarin fuka a huhu ko tsutsa a tsoka, amma ragowar magani ba ta ganuwa da ido. Mai kiwo ne kaɗai ya san ranar da ya yi allura.

Wannan dalili ne ya sa makiyayan Amurka suka kafa shirin Beef Quality Assurance. Ana koya musu yin allura a wuya maimakon cinya, inda nama mai tsada yake, da rubuta kowane magani da ranarsa, da kora dabba ba duka, domin sanda na barin tabo, wahala kuma na sa nama ya yi duhu ya lalace da wuri. Wanda ya kammala yana samun takardar shaida ta shekara 3, kuma wasu manyan kamfanonin nama na neman ganinta kafin su sayi shanu.

Nijar na da abin ɗorawa a kai. Cibiyar LABOCEL a Yamai na sarrafa alluran rigakafi, ana kamfen ɗin rigakafin ciwon huhu kowace shekara, ga tashar Tukunus mai inganta irin shanun Azawak. A 2021 kuma kilishin Nijar ya samu rajistar kariya daga hukumar OAPI. Duk da haka, akasarin shanun da ake fitarwa a raye suke tsallakawa zuwa kasuwannin Jibiya, Illela da Maigatari, ribar nama da ta fata ta tafi tare da su. Kasuwar da ke biyan nama da tsada tana tambayar tarihin dabba, kuma horo da takardar shaida ne ke ba da amsa.

Kafin a kai ga haka, wanda ya aiko kuɗin bijimi daga Abijan ko Aljeriya zai iya gindaya sharaɗi ɗaya: a nemi likitan dabbobi, a kuma ajiye littafin rubuta magani.