Titiwangsa: Yadda Ramin Kuza Ya Zama Abin Alfaharin Birni

Duk wanda ya taso a Jos, Bukuru ko Barikin Ladi ya san kududdufan kuza, wato manyan ramukan nan da kamfanonin Turawa suka haƙa, suka tafi suka bar su cike da ruwa. To, a unguwar Titiwangsa da ke birnin Kuala Lumpur, inda wasunmu ɗalibai da 'yan kasuwa ke zaune, akwai irin wannan rami. Bambancin kawai shi ne, mutanen Malesiya ba su bar nasu ya zama tarkon yara da dabbobi ba.

Shi kansa birnin, kuza ce ta haife shi. A shekarar 1857 ne wani basarake mai suna Raja Abdullah ya tura ma'aikata 'yan asalin Sin su 87 neman kuza a yankin Ampang. Daga nan gari ya kafu a mahaɗar kogunan Klang da Gombak, har ƙasar ta kai ga zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da wannan ma'adini. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, abin ya daki Malesiya kamar yadda ya daki Filato. Sai dai kafin lokacin hukumomi sun riga sun gyara tsohon ramin Titiwangsa ya zama tafki da lambun shaƙatawa, wanda Firayim Minista Hussein Onn ya raɗa wa suna a 1980. An sake yi masa kwaskwarima aka buɗe shi a ƙarshen 2019.

Yau idan mutum ya tsaya a bakin tafkin da yamma, zai hango tagwayen benayen Petronas masu hawa 88. Daf da shi akwai Istana Budaya, babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da aka buɗe a 1999, da gidan adana zane-zane na ƙasa. Can gaba kaɗan a titin Tun Razak ga babban ɗakin karatu na ƙasa da asibitin zuciya. A titin Pahang kuwa ga Asibitin Kuala Lumpur, wanda asalinsa ke komawa 1870.

Waɗannan wurare su ne ƙashin bayan tattalin arzikin unguwar. Ma'aikatan jinya da 'yan jinya na neman ɗakunan haya da abinci. Masu tuƙa tasi, masu bayar da hayar kekuna da masu sayar da shinkafar kwakwa da ake kira nasi lemak duk suna samun na cefane. Tashar jirgin ƙasa ta Titiwangsa ta haɗa layuka huɗu, na baya-bayan nan ya iso a 2023, ga kuma kasuwar Chow Kit kusa, inda muke sayen nama, kifi da kayan miya.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. An rushe gidajen talakawa na Pekeliling da aka gina a 1967, mazauna suka watse. Ita ma Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa mai shekara fiye da 120, kullum masu gine-gine na zawarcin filayenta, magada kuma na tsoron a saya musu da araha. Duk mazaunin zango ya san wannan fargaba.

Kiranmu ga shugabanni da matasanmu na gida shi ne, a duba abin da aka yi a Rayfield ta Jos, inda aka mayar da kududdufi wurin shaƙatawa, a faɗaɗa shi zuwa sauran ramukan. A killace su, a yi kiwon kifi da noman rani, sannan a tabbatar waɗanda suka daɗe a wurin su ne farkon cin moriya. Allah Ya sa masu iko su ji.